Giyar jin ba maganin zazzaɓi ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da ɗan kemis a bakin wata tashar mota a Kaduna. Makon jiya wani yaron mota ya shigo mini, jiki zafi rau, idanu jawur. Na tambaye shi ko ya sha magani, ya ce kwana uku ke nan yana shan giyar jin ta leda, wai wani direba ya gaya masa da ita Turawa ke kashe zazzaɓin cizon sauro. Yaron ko shekara ashirin bai kai ba.

Ba daga bakinsa na fara jin zancen nan ba, shi ya sa nake so a san asalinsa. Jin barasa ce da ake tacewa daga hatsi, a sa mata ƙamshin 'ya'yan wani itace mai suna junifa. A Holan aka fara yin ta, daga baya Ingila ta fitar da nata irin, wanda ake kira London Dry. Ƙarfinta wajen kashi 40 ne cikin ɗari, alhali giyar kwalba ba ta cika wuce kashi 5 ba. A ƙarni na 19 ana ba sojojin Birtaniya da ke Indiya kwinin saboda zazzaɓi. Ɗacinsa ya ishe su, sai suka riƙa gauraya shi da ruwa da sukari da jin don ya haɗiyu. Kwinin ɗin ne maganin, ita jin rakiya kawai ta yi. Wannan ta leda kuwa ko ɗigon kwinin babu a cikinta.

Hukuncin addini mun bar wa malamai, kuma kowa ya san shi. Ni abin da ke damuna, yaro ya kwana uku yana ɗura wa hantarsa barasa, cutar kuma tana cin jininsa. Ga shi bai san abin da aka zuba a ledar ba. Ba mu manta da waɗanda ogogoro mai guba ta kashe a Ondo da Ribas a 2015 ba.

A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin barasar leda, amma har yau ina hango ta a faranti daga ƙofar shagona. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar direbobi su yi wa yaransu magana, don sun fi jin tasu.

Shi yaron na tura shi asibiti, gwaji ya nuna zazzaɓin ne. Jiya ya leƙo ya gaishe ni, ya ce ya fara cin abinci.

Naka,
Wani mai kemis, Kaduna