Malaman Karkara Suna Barin Aiki Tun Kafin Lokacin Ritaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomin ilimi na Jihar Jigawa ga yadda malaman firamare na karkara suke ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsu, a daidai lokacin da hankalin kowa ya karkata ga tsawaita shekarun ritaya.

A shekarar 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai daga 60 zuwa 65, shekarun aiki kuma daga 35 zuwa 40. Ban ƙi wannan ba, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma na ga malaman da aka sallama alhali babu wanda ya kai su iya koyarwa a makarantunsu. Sai dai dokar ta tanadi wanda ya jure har ƙarshe ne. Mu a ƙauye wanda muke rasawa shi ne malamin da ya yi shekara goma ko sha biyar yana riƙe da alli, wanda ya san yadda ake lallaɓa yaron aji ɗaya har ya haɗa baƙi da wasali, ya kuma san iyayen da za a bi gida a roƙa kafin su sako ’ya’yansu mata.

Yadda abin yake tafiya ba ɓoyayye ba ne. Matashi zai fito da takardar shaidar malanta ta NCE, a tura shi wani ƙauye a yankin Guri ko Birniwa, ya fara aiki da himma. Da yake babu gidan malamai, sai ya kama haya a gari, kullum ya riƙa zuwa a kan babur. Da damina, idan ruwa ya shafe hanya, na sha ganin malami ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗaure rajista cikin leda a kansa, yana tura babur cikin laka, ya iso makaranta rana ta take. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama shi ne mai cin kaso mafi tsoka a albashin irin wannan bawan Allah. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ya rage raɗaɗi, amma malamin da ke taka ƙafa zuwa makaranta a cikin Dutse da wanda ke ƙona mai zuwa lungu, idan matakinsu ɗaya, ba wani bambancin a zo a gani a abin da suke karɓa. Ga kuma takardar ƙarin girma da kan zo, kuɗinta ya daɗe bai biyo baya ba.

Daga nan kowa sai ya nemi mafita. Mai uwa a gindin murhu ya nemi canjin wurin aiki zuwa Haɗeja ko Gumel, mai ƙoƙari ya ƙaro digiri ya tsallaka wata ma’aikata, wani kuma ya rubuta takardar ajiye aiki ya koma noman rani ko fataucin dabbobi a kasuwar Maigatari. Wanda ya fi damuna shi ne wanda sunansa yake nan a takardar albashi amma zuciyarsa ta daɗe da yin ritaya: ya leƙo Litinin, ya sa hannu, ba a sake ganinsa sai wani makon. Ba na wanke shi, domin haƙƙin yara yana wuyansa. To amma hedimastan da aka bari da aji uku shi kaɗai, har yana sa ɗan aji shida ya kwafa wa ƙannensa darasi a allo, da wane baki zai kai ƙarar malamin da yake tsoron rasawa gaba ɗaya?

Gwamnatin Malam Umar Namadi ta kyauta da ta mayar da dubban malaman wucin gadi na shirin J-Teach ma’aikata na dindindin, kuma asusun fansho na jiharmu ya yi suna wajen biyan haƙƙi. Amma ɗaukar sababbi ba zai wadatar ba muddin ƙwararrun suna zamewa, domin sabon malami a wajen tsoho yake koyon aikin.

A ranar malamai ta duniya ta 2020, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin alawus na musamman ga malaman karkara da gidaje masu sauƙin kuɗi. Ba sai jiha ta jira Abuja ba. Ina kira ga hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, da ƙungiyar malamai ta NUT su zauna su fitar da adadin malaman da suka bar aiki kafin lokaci a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27, a san inda ɓarakar ta fi girma. Sannan a sa alawus ɗin karkara gwargwadon nisan makaranta, a gina ko da ɗaki biyu ne a harabar makarantun da ke lungu, musamman saboda malamai mata, a kuma tabbatar duk wanda aka ƙara wa girma ya ga kuɗinsa a albashin watan da ya biyo baya.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon hedimasta,
daga masarautar Haɗeja, Jihar Jigawa.