Rahoton ayyukan shekara: kundin littattafai na intanet da shirin fodkas

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da kwamitin laburare ya yi a bana.

Aikin da yafi cin lokacinmu shine shigar da littattafai cikin kwamfuta. Mun ajiye tsohuwar rijistar nan ta hannu mun koma manhajar Koha, wacce aka ƙirƙira a Niyuzilan tun 1999, kyauta ce kuma jami'o'i da yawa a Najeriya da ita suke aiki. Yanzu mutum daga wayarsa zai duba ko littafi yana nan ko an ara, ba sai ya kashe kuɗin adaidaita ya zo ya tarar babu ba. Na turanci basu bamu wahala ba, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayan bango, kawai zaka sa bayanan su fito, amma namu na Hausa musamman na soyayya da aka buga a Kano shekarun 1990, da yawa ba ISBN ba shekarar bugawa wani ma bangon ya yage, dole sai an zauna an rubuta komai ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma rigimar ƙ da ɗ da ɓ, wani ya shigar da lanƙwasa wani babu, kai ta nema ka rasa alhali littafin yana kan kanta, shi yasa muka ce a riƙa sa duka biyun. Na ajami ko taɓa su bamu yi ba tukuna.

Fodkas ɗin, wato shirinmu na murya da ake saurare ta intanet, mun ɗora a manhajar Spotify amma gaskiya ta WhatsApp aka fi saurare saboda tsadar data, kuma matan aure da makafi su suka fi turo saƙo, mutanen da tun asali ba sa zuwa laburaren. Wasu sun matsa mu riƙa karanta nobel gaba ɗaya kamar yadda ake yi a YouTube, mun ƙi, sai da izinin marubuci. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh, wacce ta shafi sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma ta bada damar maida littafi murya domin makafi, amma wannan ba lasisin watsa wa kowa da kowa bane.

Batirin inbata ya mutu, dan Allah masu bashin kuɗin wata a biya. Wanda ya iya karatun ajami kuma ya bada sunansa wajen sakatare kafin taro na gaba.