Amsa ga Malamin da ya tambaye ni amfanin mujallar Landscape History

Assalamu alaikum, Malam.

A taron da ya gabata ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tura ɗalibaina ga mujallar Landscape History, wadda ke nazarin tarihin yadda mutane suka sauya fuskar ƙasa, alhali ba a cika ambaton maƙalolinta a wasu mujallu ba. Lokaci bai bar ni na amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto.

Ma'aunin tasirin mujallu (impact factor) da ka dogara da shi, wanda masanin ilimin bayanai Eugene Garfield ya ɓullo da shi, yana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙala cikin shekara biyu kacal. Ya dace da fannin likitanci, inda bincike ke tsufa da wuri. Mu kuwa aikinmu tafiyar hawainiya yake yi. Dubi Wharram Percy, ƙauyen da ya zama kufai a yankin Yorkshire na Ingila: tononsa ya ɗauki shekara 40, daga 1950 zuwa 1990, ƙarƙashin jagorancin Maurice Beresford da John Hurst. Ta yaya ma'aunin shekara biyu zai auna irin wannan?

Ƙungiyar Society for Landscape Studies ce ta fara fitar da mujallar a 1979. Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne yadda take zaunar da masu tonon kayan tarihi, masana labarin ƙasa, masu binciken sunayen wurare da masana tsirrai a tabarma ɗaya. Gona guda za su tasa a gaba. Wannan ya karanta tsohuwar taswira, wancan ya bi sawun kunyoyin da garma ta bari ƙarnuka da suka shige, wani kuma ya ƙirga nau'o'in itatuwan da ke cikin shinge don ƙiyasta shekarunsa. Hanyar da masanin tarihi W. G. Hoskins ya share ke nan a littafinsa na 1955, lokacin da ya nuna cewa ƙasar Ingila kanta takarda ce da ake iya karantawa.

Ban ƙi maganarka gaba ɗaya ba. Masu karanta ta ba su da yawa. Amma a 1997 aka yi dokar kare shingaye a Ingila da Wales, kuma cikin sharuɗɗanta akwai shingen da ke kan iyakar tsohuwar gunduma tun kafin 1850. Jami'in da zai hana a sare shinge sai ya samu hujjar tarihi a hannunsa, kuma irin wannan bincike ne ke samar da ita, ko da ba zai taɓa rubuta maƙalar da za a ƙirga ba.

Zan aiko maka da fitowa ɗaya ka duba, sai mu sake zama.

Naka a kullum,
Abokin aikinka