Rahoton ayyukan shekarar 2025: permin manyan motoci da maganar sassauci ga baƙin direbobi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhazai masu motoci, iyayenmu dattawan tasha, 'yan'uwa direbobi da yaran mota na Maraɗi da kewaye, ga rahoton kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu na shekarar 2025. Lissafin shiga da fita yana takardar ma'aji, shi zai karanta muku da bakinsa. Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka rasu a hanya da waɗanda suka cika a gida, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti bana shi ne maganar permi. Tun farkon shekara saƙonnin murya suke yawo a WhatsApp cewa Amurka da Turai sun rasa direbobi, har sun ɗauke wa baƙi jarrabawa, wai mai permin Nijar yana sauka daga jirgi za a miƙa masa makulli. Dillalai suka bi bayan maganar suna karɓar kuɗin gaba. Da muka ga matasanmu sun fara zancen sayar da fili da babur, muka nemi masu karatun Faransanci da Ingilishi suka zauna da mu, aka bi dokokin ɗaya bayan ɗaya, sannan muka kai bayanin tashoshi da garejoji a zaman wayar da kai. Ga shi a rubuce domin wanda bai samu halarta ba.

Abin da dokar Amurka ta ce

A Amurka, duk haɗin kai da tirela da nauyinsa ya kai fam 26,001, wato kusan tan 11.8, sai da lasin da suke kira CDL, kuma mai ƙetara jiha da kaya sai ya kai shekara 21. Ƙasa biyu kaɗai FMCSA, hukumar da ke kula da manyan motoci a Amurka, take karɓar lasin manyan motocinsu daidai da nata: Kanada tun 1988, da Meziko tun 1991. Direban kowace ƙasa ban da waɗannan sai ya bi layi daga farko. Zai ci jarrabawar rubutu, a ba shi takardar koyo, ya riƙe ta aƙalla kwana 14, ya yi horo a makarantar da ke cikin rajistar hukuma (wannan sharaɗi ya fara aiki a Fabrairun 2022), ya wuce gwajin likita, kana ya hau mota a gwada shi.

To ina sassaucin da ake ta faɗa? Akwai shi, kuma a nan dillalai suke ɓoye rabin gaskiya. Kamfanonin ƙera motoci irin su Daimler da Volvo sukan rubuta wa FMCSA su nemi a bar wani injiniyansu mai lasin Jamus ko Suwidin ya tuƙa motar gwaji a titunan Amurka. Ana buga buƙatar a jaridar gwamnati, jama'a su faɗi ra'ayinsu, in an amince a bayar na wa'adin da bai wuce shekara 5 ba. Takardar tana ɗauke da sunan direban ko direbobin da aka ba wa, da kamfani ɗaya. Dole mai CDL na Amurka wanda ya san hanyar ya zauna kusa da shi, kuma aikin gwada birki da inji ne, babu dakon kayan haya a ciki. Kamfanin ne yake nema, ba direba ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo muku wannan takarda daga Maraɗi ko Yamai ko Kano, kuɗinku kawai yake so.

Shekarar 2025 ma ƙara ƙuntata ƙofar ta yi. Daga 25 ga Yuni, direban da jami'i ya tsayar ya tarar ba ya iya amsa tambaya ko karanta allon hanya da Ingilishi, sauke shi ake yi daga mota nan take. A Agusta aka sanar da dakatar da bizar aiki ta direbobin manyan motoci. A ƙarshen Satumba FMCSA ta taƙaita lasin baƙi marasa zaman dindindin ga masu biza iri uku, H-2A da H-2B da E-2, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da wannan mataki a Nuwamba. A Disamba kuma aka sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka. Wanda ya san wannan ba zai ba kowa ko dala ba.

Turai

Can permi rabin aiki ne. Bayan rukunin C (na babbar mota) ko CE (na mai jan tirela) akwai shaidar ƙwarewa da ake bugawa da lamba 95 a jikin katin: horon farko na awa 280, ko na gaggawa awa 140, sannan awa 35 duk shekara 5. A Faransa su ne FIMO da FCO. Direban da ba ɗan Tarayyar Turai ba, in zai yi dako tsakanin ƙasashe, sai kamfanin da ya ɗauke shi ya karɓo masa wata takardar shaida ta daban, ita kuma ba ta fita sai da izinin aiki na halal. Sassauci na gaske da aka yi shi ne na 2022 ga 'yan Yukiren da yaƙi ya koro, aka karɓi perminsu muddin suna ƙarƙashin kariyar wucin gadi. Ingila ma a 2021 ta ware biza 5,000 ta 'yan watanni ga direbobin manyan motoci, kuma wa'adinta ya daɗe da wucewa. Tsofaffin labaran nan ne ake sake turowa kamar jiya aka yi su.

Inda muke da sassauci na haƙiƙa

Sassaucin da muke ci kullum, har mun daina ganinsa, shi ne na baƙo mai wucewa. Direban Maraɗi yana fita ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya, ya wuce Katsina ya sauke a Kano, babu wanda ya ce ya sake jarrabawa. Haka ɗan Najeriya mai lasin rukunin G yake shigo mana da tirelarsa. Tushen wannan yana cikin yarjejeniyoyin zirga-zirga na Janiba 1949 da Biyana 1968, da yarjejeniyar sufuri tsakanin ƙasashe da CEDEAO (ECOWAS) ta sa wa hannu a Kwatano a 1982. Amma yana da iyaka, kuma a kan iyakar ne 'yan'uwa suke faɗawa hannu. Sassaucin na mutumin da mazauninsa yake ƙasarsa ne, yana tuƙa mota mai lambar ƙasarsa, ya kai kaya ya juyo. Ranar da ka tare a Kano ka karɓi motar wani Alhaji mai lambar Najeriya, ka tashi daga baƙo ka koma ma'aikaci, lasin can ya hau kanka. Haka nan ɗaukar kaya daga wani gari zuwa wani gari duk a cikin ƙasar mutane, wannan dakon 'yan ƙasa ne, ko da motarka za ta dawo fanko. Mun san zafin dawowa babu lodi, ga gazuwal ya yi tsada, amma tarar da riƙe motar sun fi kuɗin lodin.

Permin ƙasa da ƙasa kuwa fassara ce ta permin gida. Na tsarin 1949 shekara 1 yake yi, na tsarin 1968 bai wuce shekara 3 ba, kuma ba ya aiki sai an haɗa shi da na asali. Ba ya ƙara wa mutum rukuni: mai B a gida mai B ne a ko'ina, iyakarsa tan 3.5.

Fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, a bar mutane da kaya su riƙa wucewa har sai an ba da wata sanarwa. Wannan rangwame ne da ake iya janyewa, don haka muka riƙa gaya wa masu fita waje kada su dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai in suna da halin yin fasfo. Nijar tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen sefa na Yammacin Afirka, dokokinta na sufuri suna kanmu.

Teburin duba takardu

Aikin da kwamiti ya fi alfahari da shi bana shi ne teburin da muka kafa a ofis, inda direba yake baje takardunsa kafin ya yi lodi. Abin da aka fi samu ba jabu ba ne, saɓani ne. Permi ya ce Mahamadou, fasfo ya ce Mohamed, katin rigakafi ya ce Mamane. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen jami'in da bai san mu ba mutum uku ne. Sai ranar haihuwa: da yawa cikinmu da hukuncin kotu aka yi musu takardar haihuwa, an rubuta shekara kawai babu rana babu wata, wani ofis ya cike da 1 ga Janairu, wani ya sa 31 ga Disamba. Gyaran yana farawa daga takardar haihuwa, ita ce uwa, sauran a daidaita su da ita. Wanda ya fara gyara permi ya bar ta, zai sake biya.

Na biyu shi ne rukuni. C na motar da ta haura tan 3.5 ne, amma da zarar an rataya tirelar da ta wuce kilo 750 sai da E. Akwai ƙwararrun da suka shekara da shekaru suna jan tirela da C kaɗai, ba a gane ba sai ranar hatsari, lokacin da kamfanin inshora ya buɗe permi ya ce direba ba shi da izinin wannan mota, ya janye hannunsa, diyya ta dawo kan mai mota. Alhazai, ku karɓi permin da hannunku ku juya bayansa, ku dubi layin E, ku dubi kwanan watan da ke gabansa. Rukunin manyan motoci yana da wa'adi da gwajin likita, yana iya mutuwa alhali B na nan da rai a kati ɗaya.

Sauran abin da teburin yake dubawa: kat giris na kai da na tirela kowanne daban, lambar shasi ta dace da wadda aka buga a ƙarfe, bizit (takardar gwajin lafiyar mota) mai rai, takardun duwan na kaya, katin rigakafin shawara, da inshorar ƙetare. A kan inshora muna jan kunne sosai. Katin ruwan ƙasa, wato inshorar ƙetare ta CEDEAO da aka kafa a 1982, ɓarnar da ka yi wa wani yake biya, ba ya biyan motarka ko kayan da ka ɗauko. Kafin ka bar ofishin inshora ka sa a nuna maka ƙasashen da takardar ta ƙunsa, ka tabbata wa'adinta zai kai ka ya dawo da kai. Masu bin hanyar Lome ta Burkina sun san yadda jiran ayarin rakiya yake cinye makonni, takarda ta mutu mota tana tsaye a layi. Kowa kuma ya ɗauki hoton takardunsa a waya, ya bar kwafi a ofis.

Mun haɗa da tunatarwa kan awo, tunda a shinge ɗaya ake tambayar duka. Doka ta 14 ta UEMOA, ta 2005, ta sa tan 6 a kan aksul na gaba, tan 11.5 a kan na tsakiya ko na baya mai taya ɗaya-ɗaya, tan 12 in mai taya bibbiyu ne, tan 51 ga tirela mai aksul shida. Tarar kowane tan da ya hau jaka 20 ce a dakon cikin gida, jaka 60 a dakon ƙetare, ban da sauke rarar kayan da kuɗinka.

Baƙin direbobi a wajenmu

Abin da muke so a yi mana a Jibiya shi ya kamata mu yi wa wanda ya shigo ta Ɗan Isa. Bana wakilanmu sun raka baƙin direbobi wajen jandarmomi da duwan don fassara, domin mai lasin Ingilishi a gaban jami'i mai Faransanci yana iya kwana a shinge kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma Hausa ce take raba gardamar. Mun kuma zauna da takwarorinmu na Katsina kan yadda za a riƙa kiran juna in an riƙe mota. Matsayin kwamiti a fili yake: baƙon da ya zo da motarsa da lasin ƙasarsa mai rai a bar shi ya wuce da mutunci. Wanda ya zauna a Maraɗi yana jan mota mai lambar Nijar kuwa, mai motar ya kai shi ofishin sufuri na jiha a daidaita takardunsa kafin a ba shi makulli. Wasu masu motoci sun ga kamar mun matsa, amma su ne za su biya in abu ya faru.

Abin da bai kammala ba, da na baɗi

Maganar yaran mota tana nan. Yaro ya yi shekaru yana ɗaure tamfol, yana canza taya, yana ja da baya a gareji har ya fi wani mai permi iyawa, amma kuɗin makarantar tuƙi ya gagare shi. Irinsu ne dillalan waje suka fi kamawa. Kwamiti yana kawo shawarar a buɗe asusun rance daga kuɗin ƙungiya, a riƙa biya wa yaro kuɗin C, in ya samu mota ya mayar a hankali, sannan a taimaka masa ya ƙara E. Ana buƙatar amincewar babban taro kafin a taɓa ko sisi.

Za mu nemi zama da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da majalisar masu amfani da sufuri ta CNUT kan a samar da takarda guda, da Hausa da Faransanci da Ingilishi, mai jera abin da ake tambayar direba a iyaka, a liƙa ta a Ɗan Isa da tashoshinmu. Teburin duba takardu zai ci gaba, kuma muna neman ƙarin mutum biyu masu karatu da za su riƙa karɓar juna. Wanda aka yi wa tayin aikin tuƙi a waje ya kawo takardar ofis a karanta masa kafin ya biya komai: a ga sunan kamfanin, a ga irin bizar, a ga wanda zai biya horo da jarrabawar can. Wanda kuma ya riga ya biya aka ɓace masa, ya zo da rasit ko saƙonnin waya, sakatare zai raka shi ya shigar da ƙara.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa, Maraɗi