Ba kowace kwangilar gwamnati ce arziki ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na daren Talata, kuma har yau raina bai huce ba. Baƙonku ya zauna cikin sanyin ɗakin watsa shiri yana cewa duk kamfanin tsaron da ya samu kwangilar gwamnati kakarsa ta yanke saƙa, mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake ta yi. Me ya hana ku tambayi mu da ke cikin rigar?

Shekarata tara da ɗan kamfanin masu gadi a nan Abuja, da lasisina daga hukumar Sibil Difens. A farkon 2023 na samu gadin wata ma'aikata, mutum 36, dare da rana. Kafin nan sai da na tara takardu kamar mai neman sarauta: shaidar biyan haraji, ta hukumar fansho PenCom, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, ga rajistar hukumar kula da kwangilolin gwamnati BPP, kowacce da kuɗinta da zaryarta. Na ɗinka kaki, na sayi takalma da tocila. An biya wata uku na farko. Daga nan ɗif, har wata takwas. Ka je wurin akanta ya ce fayil na teburin darakta, ka je wurin darakta ya ce ba a sako kuɗi daga sama ba.

Shi mai gadi bai san wani fayil ba, ni ya sani. Akwai wani dattijo cikinsu da ke zuwa daga Masaka. Wata safiya ya tare ni a bakin get, ya zaro takardar maganin 'yarsa daga aljihun kakinsa, duk gumi ya jiƙa ta, ya ce, "Oga, ko dubu biyar ce a taimaka." Sa'an 'yan uwan mahaifina ne, ya kwana a tsaye yana tsaron motocin mutanen da suka danne haƙƙinsa. A makon nan na sa filina na Kuje a kasuwa. Da bai isa ba na ci bashin banki mai ruwa, abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata.

Kuma farashin da muka sa wa hannu yana nan yadda yake. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Nyanya da Mararaba ya ninka. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Na rubuta takarda sau huɗu a sake duba kuɗin kowane mai gadi, ko amsa babu. Ranar da aka tashi biya kuma sai da aka zare haraji tun daga tushe. To ina bunƙasar take? Ƙwararrun yarana goma sha ɗaya suka ajiye aiki, wata makarantar kuɗi da nake yi wa gadi ta ji ƙishin-ƙishin ba na biyan albashi ta sallame ni. Abin da ke riƙe da ni yau rukunin gidaje biyu ne a Gwarimpa. Kuɗinsu kaɗan ne, amma ba ya wuce ƙarshen wata.

Da baƙon naku ya kawo misalin Tantita, kamfanin da NNPC ta bai wa gadin bututun mai a 2022, nan na gane bai san mu ba. Waɗancan harkar biliyoyi suke yi. Mu dokar kamfanonin gadi ta 1986 ko bindiga ba ta yarda yaranmu su riƙe ba, daga sanda sai usur. Tun zamanin Obasanjo gwamnati ta sauke nauyin masu gadi da masu shara ta ɗora wa 'yan kwangila, amma sauke nauyi ai ba ya nufin a ƙi biya.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau bakwai na kira a daren, ba ya shiga, ga shi kun cinye kusan rabin lokacin da tallan maganin basir. Ku sake shirin, ku gayyato mai ƙaramin kamfani da mai gadi guda ɗaya. In kuna so ni ma zan zo da takarduna.

Naku mai sauraro,
daga Kubwa, Abuja