Gasar Sarauniyar Kyau Ta 'Yan Mata: A Duba Kafin A Biya

Malam Edita,

Ka ba mu fili mu ja hankalin iyaye kan gasar sarauniyar kyau ta ƙasa da ake tallata wa 'yan mata a waya. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, don haka sai da sa hannun mahaifi ko waliyyi. A binciki rajistar kamfanin da ya shirya gasar a shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. In aka ce a tura kuɗin fom asusun wani mutum, da walakin. Sharaɗin amfani da hotunan 'yan matan ne ya fi damunmu: iyaye ba sa karantawa, alhali hoton da ya shiga intanet ba ya gogewa. Sansanin kwana kuwa, in babu mace mai kula, kada a yarda.

Wasu malamai mata,
Birnin Kebbi