A Nemi Masani Tun Kaya Na Cikin Sito

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwar hatsi da kuma malamanmu masu binciken kimiyya, domin zancen ya shafe mu duka. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau. Sana'ata wake da riɗi, sai gyaɗa idan kaka ta yi kyau. Ban yi nisa a boko ba, amma na daɗe ina sayar wa masu fitar da kaya waje, kuma duk wanda ya daɗe da su ya san akwai abin da ke cikin buhu wanda ido ba ya gani, haƙori ma ba ya ji.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta. Dalili shi ne maganin ƙwarin nan dichlorvos, wanda muke kira fiya-fiya. Ƙa'idarsu kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma a waken da suka gwada an samu daga 0.03 har zuwa 4.6, wato wani kayan ya ninka ƙa'ida sau 460. Da farko hanin na shekara guda ne, a 2016 suka ƙara shekara uku. Mafi yawan masu zuba maganin nan ba mugaye ba ne, na san su, tare muke sallah. Mutum ne ya zuba jarinsa kaf a wake, yana tsoron ya buɗe sito bayan wata huɗu ya tarar ƙwari sun mayar da shi gari. Mai shagon magani ya ce masa wannan yana aiki, shi ke nan. Kuma waken da Turawa suka ƙi ba teku aka zubar da shi ba. Irinsa ne a ƙosanmu da alalenmu da garau-garau ɗin da yaranmu ke saya a ƙofar makaranta.

Abin da ke damuna shi ne ilimin da zai raba mu da wannan asara ba a Turai yake ba, yana nan kusa da mu. A Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR wadda ta fitar da irin wake da gyaɗa da dawa da manomanmu ke shukawa. A Basawa, nan Zariya dai, akwai NARICT mai binciken sinadarai. A cikin Kano kanta cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, na da reshe, cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI na da ofis, Jami'ar Bayero kuma na da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Daga ƙofar kasuwarmu zuwa sabon mazaunin Bayero bai kai tafiyar awa guda ba ko da cunkoso. To amma ka shiga layinmu ka tambayi mutum goma wa za su kira idan suna son sanin ko riɗinsu zai wuce gwaji, za ka ji shiru. Iyakar saninmu shi ne mai saye yana da nasa mai gwaji a Legas, kuma abin da ya faɗa shi ne hukunci.

Mutumin da babu shi a tsakaninmu shi ne masanin da za ka biya kuɗinsa ya zo sitonka, ya duba da idonsa, ya gaya maka abin da za ka gwada da inda za ka kai, idan takarda ta fito ya karanta maka ita da Hausa, sannan ya ce ga gyaran da za ka yi. Ɗakin gwaji daban, wannan mutumin daban. Ɗakin gwaji abin da ka miƙa masa shi yake aunawa, ba ruwansa da yadda ka ɗebo.

Ga misalin da ya faru a gabana. Wani maƙwabcina a kasuwa, dattijon kirki, ya haɗa tirela guda ta ɓararriyar gyaɗa. Don ya kwantar da hankalinsa ya ɗebi kwano guda ya aika wani ɗakin gwaji, sakamako ya fito tas. Kaya suka isa Legas, mai saye ya gwada, ya ce gubar afulatoksin ta yi yawa, ba zai karɓa ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin dako, ga faɗuwar farashi, duk a kansa. Ya dawo yana rantsuwa cewa ko ɗakin gwajin farko ya cuce shi ko na biyu. Akwai 'yar ƙanena da ta karanta kimiyyar sinadarai, tana aiki a wani kamfanin abinci, sai na kai ta wajensa ranar wata Asabar. Bayan ta durƙusa ta gaishe shi, tambaya ɗaya ta yi masa: "Baba Alhaji, daga buhu nawa aka ɗebo abin da aka gwada?" Ya ce daga buhu biyu na bakin ƙofa. Ta ce, "To Baba, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Wannan guba ba ta bazuwa daidai a cikin kaya. Ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da ita, amma da yawan gaske. Sai an soki buhuna masu yawa, sama da ƙasa da tsakiya da na jikin bango, a haɗa, a niƙa gaba ɗaya, sannan a ɗebi na gwaji." Daga nan ta shiga sitonsa, ta nuna masa buhunan da ke zube a kan siminti ba katako a ƙarƙashinsu, da wurin da rufi ke ɗiga. Ko awa guda ba ta yi ba. Da ya samu wannan bayani kafin ya yi lodi, ko nawa aka caje shi bai kai kuɗin man tirelar ba.

Bari in ɗan tsaya a kan gubar nan, don mutanenmu sun ɗauka fitinar Turawa ce kawai. Wani irin fumfuna ne ke haifar da ita a gyaɗa da masara, tun daga gona idan fari ya kama shuka, sannan ta ƙaru idan aka adana kaya da danshi. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta. Tana bin gyaɗa ta shiga ƙuli-ƙuli da tunkuza, ta bi dusa ta shiga abincin kaji, saniyar da ta ci kuma ta fitar da ita a madara. Tana jawo cutar dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kuwa ba baƙo ba ne a garuruwanmu. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan sun ci masarar da ta gurɓata da ita. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Kuma wace gyaɗa muke warewa mu sayar da araha ga mata masu ƙuli? Kowa a kasuwa ya san amsa: wadda aka tsince, mai baƙi da mai motsewa.

Maganin ma masu bincike sun samo. IITA ta Ibadan ta fitar da Aflasafe, ƙwayar dawa ce mai launin shuɗi da aka lulluɓe da irin fumfunan da ba ya yin guba, a watsa kilo 10 a hekta sati biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai ya rigayi mai gubar kama wuri. Wake kuma ga buhun PICS mai rufi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa da abokan aikinsu a Marwa ta Kamaru. Idan aka ɗaure shi da kyau iska na ƙarewa ƙwari su mutu, ba ko ɗigon magani. Amma na sha ganin mutum ya sayi buhun, yaronsa ya soke shi da ƙarfen ɗiban samfur, gobe ya ce buhun ba ya aiki. Kayan aiki sun iso kasuwa, mai bayani ne bai iso ba.

Ba mu 'yan hatsi kaɗai ba. Mutanen Kano ba su manta watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwa suka kwanta asibiti wasu suka rasu bayan shan lemon da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Masu ƙananan masana'antun lemo da sabulu da man shafawa suna sayen farin gari a buhu bisa amana, ba su da hanyar sanin ko abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Haka masu maganin gargajiya. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta taɓa ɗaukar haɗin wani mai maganin gargajiya ta bincika, ta fitar da maganin Niprisan na masu amosanin jini, kuma cikin tsirrai huɗun da ke ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke kicin ɗin kowace uwargida. Wannan ya nuna abu ne mai yiwuwa. Mai haɗa magani a Kurmi da ke neman rajistar NAFDAC yana buƙatar wanda zai auna masa ƙarfin haɗinsa da tsabtarsa, a kuma rubuta yarjejeniya cewa ba za a fitar masa da sirri ba, don wannan tsoron ne ke hana da yawansu zuwa, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Na san abin da 'yan'uwana za su ce: kuɗi. Gaskiya ne mai buhu hamsin ba zai iya ɗaukar masani shi kaɗai ba. Amma muna haɗa kuɗin mai gadi, muna haɗa na gyaran kwata, muna haɗa na biki da na ta'aziyya. Me zai hana kowane layi ya ɗora ɗan wani abu a kan kowane buhu, ƙungiya ta ɗauki mutum guda na tsawon kaka, da na'urar auna danshi da kayan gwajin afulatoksin na gaggawa? Yaranmu da suka karanta kimiyya suna nan suna tuƙa adaidaita, wasu suna sayar da katin waya.

Sai dai a yi hattara, don duk inda kuɗi ya ɓullo 'yan damfara na biye. Akwai masu yawo da jaka suna cewa za su samo maka takardar shaida a kwana guda ba tare da sun ga kayanka ba. Takardar banza ce, za ta kai ka Legas ta bar ka a can. Akwai hukumar IPAN da aka kafa tun 1992 mai rajistar masu gwajin abinci da magani da ruwa, a tambayi mutum lambarsa. A kuma guji wanda shi ne mai ba da shawara, shi ne kuma mai sayar da maganin feshi, don ba zai taɓa ce maka ba ka buƙatar magani ba.

Malamanmu na jami'a kuma, da girmamawa nake faɗa, ƙofarku tana da nauyi. Na taɓa raka wani ɗan'uwa wata cibiya da samfurin riɗi. Aka ce ya rubuto wasiƙa da Turanci zuwa ga darakta, aka ce mai na'urar ya yi tafiya, aka ce a dawo wani sati. Mai kaya yana da mota a tsaye ana caje shi kuɗin kwana. Sakamakon da ya fito bayan sati uku tarihi ne a wurin ɗan kasuwa. Abin da muke so kaɗan ne: teburi guda a bakin ƙofa, mutum mai jin Hausa a zaune, takarda a manne da ke nuna kowane gwaji da kuɗinsa da kwanakin da zai ɗauka, da lambar wayar da za a ɗaga. Ba kyauta muke roƙo ba, za mu biya, kuma kuɗin zai sayi man janareta da sinadaran da kullum kuke kukan babu.

Kai kuma Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinka ya zagaya waɗannan cibiyoyi na Kano da Zariya kafin sabon wake ya fara shigowa kasuwa. Ya tambayo wanne ne ke gwada ragowar maganin ƙwari, wanne ke gwada afulatoksin, nawa ne kuɗin, kwana nawa ake jira, kuma ko mai sayen kaya a waje yana yarda da takardarsu. Ku buga mana a shafi guda yadda za mu yanke mu manna a ofishin ƙungiya.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai sana'ar wake da riɗi,
Kasuwar Dawanau, Kano.